Ɗaurin Roba Ba Gyara Ba Ne

 

A cikin yawon da nake yi na ziyartar ƙungiyoyinmu, akwai wani abu da idona ya saba gani har ya kusa daina ganinsa. Baƙar roba ce ɗaure a jikin bututun ruwa. Na gan ta a gidan manomi, na gan ta a gidan pasto, na gan ta a bayan ɗakin shan magani da gindin tankin makaranta. A wani gida na ƙidaya ɗauri 9 tsakanin tanki da bakin famfo, tafiyar da ba ta kai taki 30 ba. Maigidan ya bi ni yana nuna mini su ɗaya ɗaya cikin fara'a, ya ce tun da aka ja masa ruwa bai taɓa ba mai gyara ko kwabo ba. Muna tsaye kuwa ƙafafunmu suna nutsewa cikin taɓo, ga shi a tsakiyar rani.

Ni ba maƙiyin roba ba ne. Ina koya wa mutane ɗaurinta, yanzu ma zan koya muku. Ra'ayina dai shi ne, ɗaurin roba taimakon gaggawa ne, kamar ƙyallen da akan ɗaure wa wanda fartanya ta sare kafin a kai shi wurin likita. Laifinmu shi ne mukan ɗaura ƙyallen, mu ce an warke.

Abin da ya same ni

Kada ku ce malami yana wa'azin abin da bai ɗanɗana ba. Wata shekara ina gyara kunyar kuɓewa a bayan ɗakin girkinmu, sai na sari bututu da bakin fartanya. Ruwa ya yi tsalle. Na yanko tsohon tub na keke, na ɗaure shi tam, ruwa ya tsaya. Uwargida ta tambaye ni yaushe za a sa sabon guntu. Na ce ranar Asabar. Na mayar da ƙasa na rufe.

Asabar ɗin nan ta yi wata 8 ba ta zo ba. A watan Agusta gindin bangon ɗakin girki ya zauna, bangon ya tsage daga ƙasa har sama, gama na ƙasa ne, ya kuwa daɗe yana shan ruwa ta ƙarƙashi tun kafin damina. Da na tona, na tarar robar ta tsattsage. Da na yanke wurin, na ga baƙin taɓo kwance a cikin bututun. Kwatar gidanmu kuwa taki biyu ne daga wurin. Ashe ruwan da yake bi ta kan taɓon nan shi muke zuba wa yara a randa. Tā da bangon ya ci mini kuɗin buhun masara. Soket biyu da ƙaramin gwangwanin gam da na ƙi saya tun fari, kuɗinsu bai kai na kaza ɗaya ba. Ɗan hakin da ka raina shi yake tsone maka ido.

Ranar da bututu ya fashe

Bututu ba ya duba rana kafin ya fashe. Yakan fashe da dare, ko ranar Lahadi, ko sa'ad da aljihu ya bushe. A ƙasar Turai ƙanƙara ce takan fasa musu bututu da sanyi. Mu kuwa namu rana ce, da tsatsa, da fartanya, da kofaton shanu, da ƙafar amalanke. Don haka ya wajaba kowane baligi a gida, mace da namiji, ya iya tsayar da ruwa da kansa. Ga yadda ake yi.

Da fari, a rufe ruwa daga tushe, wato makullin da yake gindin tanki ko inda bututu ya shigo gida. Idan injin yana jan ruwa, a kashe shi. Idan ruwan yana zuba kusa da wayar lantarki, a kashe wuta tukuna kafin a sa hannu. Sa'an nan a buɗe famfon da ya fi kowane ƙasa domin sauran ruwan da yake cikin bututu ya tsiyaye. Yawancin ɗaurin da ya ƙi kamawa, an yi shi ne ruwa yana feshi a fuskar mai ɗaurin.

Na biyu, a tona wurin da hannu ko da ɗan itace, a buɗe kamar kamu ɗaya kowane gefe na hujin, har da ƙarƙashin bututun. A kwashe taɓo, a wanke bututun da ruwa mai tsabta, a goge shi ya bushe. Idan na ƙarfe ne, a kankare tsatsar da samfefa.

Na uku, a yanko roba daga tub na keke ko na babur, faɗin yatsa biyu, tsawon hannu ɗaya ko fiye. A wanke ta da sabulu, a ɗauraye. A soma naɗi kamar faɗin tafin hannu kafin hujin, ana jan robar sosai har ta yi siriri, kowane zagaye yana hawa rabin wanda ya riga shi. A wuce hujin da faɗin tafin hannu, a komo baya, a sake wucewa. A soke bakin a ƙarƙashin zagaye na ƙarshe, a ƙara ɗaure shi da waya. Ƙarfin ɗaurin yana cikin jan da aka yi wa robar. Tulin roba sako-sako aikin banza ne.

Akwai hanyar da ta fi wannan ƙarfi, idan huji ƙarami ne. A ɗora 'yar roba mai kauri a kan hujin, a tsaga guntun tiyo ko guntun bututu wanda ya ɗan fi wannan girma, a rufa a kai, a matse da kilif biyu irin na tiyon mota, ɗaya kowane gefe. A bututun ƙarfe kuma akan yi amfani da gam mai haɗi biyu, wanda akan cuɗa su tare kafin a liƙa. Shi wannan yana son wuri busasshe, mai kaushi, a kuma ba shi lokacin da aka rubuta a jikin kwalinsa. A duba a ga an rubuta ya dace da ruwan sha.

Idan yoyon daga wurin murɗi ne, inda kan famfo ya haɗu da bututu, ba a bukatar roba sam. A kwance, a share, a naɗa farin tef ɗin nan na masu gyaran famfo ta gefen da ake murɗawa a ɗaure, a mayar. Idan kuwa bakin famfo ne yake ɗiga bayan an rufe, sau da yawa 'yar robar da take ciki ce, wadda ake kira washa, ta cinye. A sauya ta. Murɗe famfo da ƙarfi har da sa dutse, lalata shi ne kawai.

Daga ƙarshe, a buɗe ruwa sannu sannu. A bar na farko ya zuba a lambu har ya washe. Kada a rufe ramin. A sa ƙaya kewaye da shi saboda yara da awaki, a bar shi a buɗe domin ya riƙa tsone wa maigida ido safe da yamma. Da na bar nawa a buɗe, da bangona yana nan.

Abubuwan da ba su kamata ba

Na ga ana narka leda a ɗiga a kan huji. Na ga ana cusa sabulu, da cingam, da kwalta, da tsinken itace. Sabulu yakan narke. Tsinke yakan kumbura ya ƙara tsaga bututun roba. Kwalta da narkakkiyar leda kuwa ba abin da mutum zai so ya taɓa ruwan da jaririnsa zai sha ba ne. Na kuma ga ana gasa bakin bututun roba a wuta domin ya buɗe a cusa wani a ciki. Wurin da aka gasa yakan yi siriri, ya yi rauni, nan ne zai fara fashewa. Hayaƙinsa kuma yana ƙona ido da maƙogwaro. Mu bar waɗannan dabaru.

Abin da roba take ɓoyewa

To, idan ɗaurin ya kama, ruwa ya tsaya, mene ne laifin barinsa? Ga dalilai uku.

Na ɗaya, asarar ruwa. Roba takan saki. Rana tana cinta, ƙasa tana cinta, ruwa kuma yana danna ta dare da rana ba hutu. Kowane mita 10 na tsayin da yake tsakanin ruwan tanki da bututu yana danna nauyin kilo ɗaya a kan ɗan wurin da bai fi farcen ƙaramin yatsa ba. Bayan 'yan makonni sai a ga wurin ya soma gumi, daga gumi sai ɗiga. Ku gwada wannan lissafi a gida. Ku tara kwalba mai cin lita ɗaya a ƙarƙashin yoyon, ku duba agogo. A ce ta cika cikin minti 10. Wato lita 6 ke nan a awa ɗaya, lita 144 a yini da kwana, jarka 7 mai lita 20 har da ɗoriya. A wata ɗaya lita 4,320, fiye da cikin tanki huɗu masu lita 1,000. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗauki lita 20 a matsayin mafi ƙarancin abin da mutum ɗaya yake bukata a rana domin sha da girki da ɗan wanke jiki. Ashe ɗan yoyon nan yana shanye rabon mutum 7 kullum. Ruwan nan kuwa ba da kansa ya hau tanki ba. Fetur ne ya hau da shi, ko injin sola wanda yake tsufa da kowane awa na aiki. Sa'ad da tanki ya ƙare da azahar, matanmu da 'ya'yanmu ne za su ɗauki jarka su nufi rafi.

Na biyu shi ne wanda ya fi tsoratar da ni. Mukan ɗauka huji ƙofar fita ce kaɗai. Ƙofar shiga ce kuma. Muddin bututu yana cike, ruwa yana turowa waje, ƙazanta ba ta samun hanya. Amma a wurarenmu ruwa ba ya zama a bututu kullum. Tanki yakan ƙare, hukumar ruwa takan ɗauke. A lokacin nan sauran ruwan da yake cikin bututu yakan gangara zuwa gidajen da suke kwari, yana gangarawa yana zuƙo abin da yake bayansa, kamar yadda yaro yake zuƙar kunu da karan dawa. Duk abin da yake kwance a bakin hujin, ruwan kwata ne, ko kashin awaki, ko abin da ya tsiyayo daga masai, zai shige. Da an sako ruwa, sai ya kwaso shi ya kai randa. Ba randarka kaɗai ba, har ta maƙwabcin da yake gaba da kai a layi. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

Ta irin wannan hanya ce kwalara da taifod da zawon yara suke yaɗuwa, wato bayan gida ya sadu da ruwan sha. A shekara ta 1854 kwalara ta kashe mutum fiye da 600 a wata unguwa a birnin Landan. Wani likita mai suna John Snow ya bi gidajen mamatan, ya gane yawancinsu daga famfon rijiya ɗaya suke sha, na titin Broad Street. Ya sa aka cire hannun famfon. Daga baya aka tona, aka tarar ramin masai yana dab da rijiyar yana tsiyaya. Ruwan famfon nan kuwa mutane suna yabonsa. A nan Nijeriya, a shekara ta 2021, hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa ta ƙidaya mutum fiye da 100,000 da ake zaton sun kamu da kwalara, fiye da 3,000 suka rasu. Jihohin Bauchi da Jigawa da Kano da Zamfara ne suka fi shan wahala. Ba na cewa bututu mai roba ne ya jawo wannan duka. Rijiyoyi marasa murfi da rafuka da ƙazantar hannu suna da nasu rabo. Amma bututu mai huji kwance cikin kwata ɗan'uwansu ne, ya ma fi su ruɗi, domin mutum yakan yi shakkar ruwan rafi, amma ba ya shakkar ruwan famfo.

Saboda haka duk gidan da yake da ɗaurin roba a layin ruwan sha, a tafasa ruwan har ya yi ta ɓararraka na minti ɗaya, ko a sa maganin ruwa mai kulorin bisa ga ma'aunin da aka rubuta, a jira minti 30, har ranar da aka yi gyaran gaske. Idan kuwa wani ya soma zawo kamar ruwa, a fara ba shi ruwan gishiri da sukari nan da nan, a kai shi asibiti, kada a jira gari ya waye.

Na uku, gida da kewayensa. Na riga na ba ku labarin bangona. Ku ƙara da sauro. Sauron zazzaɓi yana son 'yan ƙananan kududdufai masu ganin rana, irin waɗanda yoyo yake yi, cikin mako ɗaya zuwa kwana 10 kuwa ƙwai ya zama sauro mai tashi. Allah ya ba mu rani ya busar da kududdufai, mu kuma mun gina wa sauro masauki a bayan ɗakin kwana.

Masu cewa

Na san amsar da za a ba ni, gama na sha jinta a taro.

Wani zai ce, Malam, babu kuɗi. Gaskiya ne, akwai watannin da ko gishiri sai an yi lissafi, tun ba tsakanin shuka da girbi ba. Ba na raina wannan. Amma mai cewa ba shi da kuɗin soket yana biya kullum, a fetur, a maganin zawo, a ranakun noma da suka tafi wajen jinya. Bambancin dai shi ne wannan biyan kaɗan kaɗan yake fita, ba a ganinsa. Ga wanda da gaske ba shi da hali, ai dalilin kafa ƙungiya ke nan. Zan komo kan wannan.

Wani zai ce mai gyara yana birni, kuɗin motarsa ya fi kuɗin aikin. Wannan ma gaskiya ne. Amma sauya guntun bututun roba bai kai dashen mangwaro wuya ba. Wanda ya iya auna taki da gyara garmar shanu zai koye shi a yini ɗaya.

Wani zai ce bututun na gwamnati ne, ko na mai gidan haya, ko na mishan da suka sa shi. To, cikin wa ruwan yake shiga? A sanar da mai shi, lalle, a kuma matsa masa. Idan babban layin hukuma ne, kada a taɓa shi, a kai rahoto a rubuce da sunan ƙungiya. Amma daga inda ya shigo gidanka, amanarsa tana wuyanka. Wannan tunani na kayan gwamnati ya yi mana ɓarna da yawa. Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe shekarun 1981 zuwa 1990 domin kai wa jama'a ruwan sha. A 1986 gwamnatin Janar Babangida ta kafa hukumar DFRRI domin hanyoyi da ruwa da raya karkara. An haƙa rijiyoyin burtsatse da dama. Ku tambayi dattawanku nawa ne cikin na yankinku suka kai shekara 10 suna ba da ruwa. Da yawa abin da ya kashe su ƙaramin abu ne wanda ba a sami mai cewa nawa ne ba.

Wani kuma zai ce nasa ɗaurin ya shekara biyu bai ɗiga ba. Mai yiwuwa ne, musamman a inuwa, a inda ruwa ba shi da ƙarfi. Idan layin ban ruwan lambu ne, ba zan yi gardama da shi ƙwarai ba, asararsa ruwa ce kawai. Amma a layin ruwan sha, rashin ganin ɗiga ba shaidar lafiya ba ce, balle idan an binne ɗaurin. Ni ma wata 8 ban ga ɗiga ba.

Gyaran gaske

Idan farin bututun roba ne ko mai ruwan toka, a yanke wurin da ya lalace da zarto, yanka miƙaƙƙe. A tafi kasuwa da guntun a aljihu domin kada a sayo rabin inci a maimakon inci uku bisa huɗu. A sayi mai kauri, na ruwa. Siririn nan na wayar lantarki ko na zubar da ruwan wanka ba ya jure matsi, ko da yake ya fi araha. A tona rami da tsawo domin bututun ya sami wurin lanƙwasa ya shiga soket. A goge bakunan su bushe, a kankare gefen yankan, a shafa gam a bayan bututu da cikin soket, a tura har ƙarshe ana ɗan murɗawa, a riƙe ana ƙidaya har 30. Kada a yi garajen sako ruwa. A bi abin da aka rubuta a gwangwani, idan da hali a bar shi ya kwana.

Baƙin bututu mai naɗuwa kamar tiyo ba ya kama gam. Shi nasa mahaɗi na murɗi ne, mai roba a ciki. Koren bututun nan kuma da injin zafi ake haɗa shi, wannan aikin mai gyara ne. Na ƙarfe kuwa, ku sani daga ciki yake yin tsatsa. Idan ya huje a wuri ɗaya don tsufa, sauran jikinsa ma ya kusa. A sauya tsawon gaba ɗaya.

Sa'an nan a tambaya, me ya fasa shi? Idan ba a kawar da dalilin ba, za a sake tona ramin. Bututun roba da yake kwance a rana yakan bushe ya yi gautsi, a binne shi ko a shafa masa fenti. A binne shi zurfin gwiwa, ya fi haka inda amalanke ko mota suke wucewa, a kuma tsince duwatsu masu kaifi daga ramin. A jera duwatsu ko a shuka alama a bisa layin domin mai fartanya ya sani. Abu mafi girma, a fitar da bututun ruwan sha daga cikin kwata, a nisanta shi da masai, ko da zai ci ƙarin tsawo biyu.

Abin da nake roƙon ƙungiyoyinmu

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ina roƙon kowace ƙungiya ta sa maganar nan a taronta na gaba, ta duba waɗannan shawarwari.

1. A kafa doka: roba kada ta ga kasuwa biyu. Wanda ya ɗaura yau, ranar kasuwa mai zuwa ya sayo kayan gyara. Ya gaya wa magatakarda ranar da ya ɗaura, a rubuta.

2. A ajiye akwatin gyara a hannun ma'aji: zarto, sifanar bututu biyu, filaya, samfefa, farin tef, kilif, washa, soket na girman da muke amfani da shi, da tsawon bututu ɗaya ko biyu. Gam a riƙa sayen ƙaramin gwangwani, gama yakan daskare bayan an buɗe. Mai bukata ya ɗauka, ya biya da kaka.

3. Kowane gida mai famfo ya ba da mudu ɗaya na hatsi lokacin girbi domin asusun akwatin. Gwauraye da tsofaffi da marasa lafiya a yi musu gyara kyauta daga ciki.

4. A zaɓi mutum biyu a tura su su koyi aikin wurin mai gyaran famfo, ɗaya daga matasa, ɗaya daga Zumuntar Mata. Mata ne suke fara ganin yoyo, su ne kuma suke ɗaukar jarka idan tanki ya ƙare. Bai kamata su zauna jiran maigida ya komo daga gona kafin a rufe ruwa ba.

5. A sa makulli a gindin kowane tanki da bakin kowane gida, a nuna wa kowa inda yake, har yara masu wayo.

6. Sau biyu a shekara, kafin ruwan fari da bayan girbi, a bi layin ruwa da ƙafa daga tanki har famfo na ƙarshe. Da rani, duk inda ciyawa ta yi kore ita kaɗai a bisa layi, a tona. A fara da gidan pasto da na majami'a, domin shugabanni su zama gurbi.

'Yan'uwa, ku karanta Yohanna sura 6. Bayan da Ubangiji ya ciyar da mutum dubu biyar, ya sa almajiransa suka tattara gutsattsarin da suka rage, har kwando 12. Wanda yake da ikon yawaita gurasa bai yarda a bar ragowa a ƙasa ba. Mu da muka yi addu'a shekara da shekaru Allah ya kawo mana ruwa kusa, muka yi baiko, muka haƙa rami da hannuwanmu, muka yi sujadar godiya ranar da famfo ya fara zuba, yaya za mu bar kyautar tana tsiyaya cikin taɓo? A Markus sura 2 kuma ya yi misali da faci a jikin tsohuwar riga, wanda ƙarshensa yagewar takan fi ta dā. Maganarsa ta fi zancen tufa zurfi, amma ya ɗauko misalin ne daga abin da kowane mai gida ya sani. Ƙaunar maƙwabci ma tana cikin maganar nan, tun da yake abin da hujina ya zuƙa, randar ɗan'uwana ce za ta karɓa.

Idan ka gama karanta wannan, ka karanta wa wanda bai iya ba. Sa'an nan ka tashi ka zaga bayan ɗaki, ka ƙidaya robar da take jikin bututunka, ka tuna ranar da ka ɗaura kowace ɗaya. Wadda ta wuce mako, kasuwa mai zuwa ranarta ce. Sa'ad da na zo ziyara zan tambayi magatakarda littafin, zan kuma zo da zartona domin mu yi na farko tare.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kiyaye 'ya'yanmu daga cuta, ya sa mu zama amintattun masu riƙon abin da ya danƙa mana. Amin.

Naku cikin hidimar Ubangiji,
Malamin Gona